Sunan da Inna A'i Ba Ta Kira

Duk Ƙofar Dumi an san Inna A'i da baki. In ta fito ƙofar gida tana ciniki da mai kayan miya, wanda bai sani ba sai ya ɗauka faɗa ake yi, har ya taho rabo. Ba ta ƙyale kowa, daga mai unguwa har mai gyaran famfo, kowa ta san inda za ta taɓa shi ya yi tsalle. Amma duk kaifin wannan baki, akwai sunaye biyu da bai taɓa furtawa ba: na mijinta, marigayi Malam Isma'ila baduku, da na ɗanta na fari, Mahfuz. Mijin "Malam" ne har ya koma ga Allah. Ɗan kuwa "wancan" ne, in ta so sakin fuska ta ce "yayan su Zubaida". Haka ta ga uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, mace mai kunya ba ta kama sunan miji ko na ɗan fari. Ko a Islamiyyar matan aure, in karatu ya zo kan Annabin da ke da sunan Malam, sai ta yi shiru sauran mata su faɗa, ita ta tare su a "alaihis salam".

Mahfuz ya bar Bauchi da ƙuruciyarsa, ya yi ta faɗi-tashi har ya tsinci kansa a Sifaniya, a wani gari da ake noman tumatir da tattasai cikin rumfunan leda. Can ya sami aiki, can ya auri wata 'yar ƙasar mai suna Nuriya, can aka haifa masa ɗa namiji ba da daɗewa ba bayan rasuwar Malam. Kullum zancensa a waya shi ne baɗi zai zo, baɗi zai kawo mata jikanta. Baɗin ba ta zo ba. Wata ranar zafi ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Can aka binne shi. Da aka zo gaya wa Inna A'i, ta yi salati, ta ce Allah ya jiƙansa, ta tashi ta shimfiɗa wa 'yan gaisuwa tabarmi. Mata suka yi ta yaba dauriyarta. Dauriyar me! Sai da ta yi wata da watanni abinci ba ya wuce mata wuya, amma wa ya taɓa ganin uwa tana kukan ɗan fari a gaban jama'a? Tun yana jariri ma ba ta ɗaukarsa in da mutane, uwar Malam ce ta goye shi.

Shi ya sa ranar da Zubaida, 'yarta da ke koyarwa a firamare, ta shigo da waya a hannu ta ce Nuriya za ta kawo yaron, Inna A'i ta ɗaga hannu sama ta yi ta hamdala. Nuriya ta ce Mahfuz ya sha roƙonta kada ta bar ɗansa ya tashi bai san gidan ubansa ba. Za su zo su yi 'yan makonni. In yaron ya sake, in ya so wurin, to duk dogon hutu za ta riƙa kawo shi. Wannan sharaɗi shi ya hana Inna A'i sukuni. Ba ta da kabarin da za ta nuna ta ce ga inda ɗanta yake, ba ta da ko tsohuwar rigarsa. Yaron nan shi kaɗai ya rage mata na wancan, kuma ta ƙudura a ranta ko me za a yi sai ya so gidan nan.

Aka yi wa ɗaki fenti, aka sayo sabuwar ledar ƙasa, aka toshe ramukan ɓera da siminti. Ta aika garin Zungur aka kawo mata ɗan akuya fari, wai don yaro ya sami abokin wasa. Baƙin sun sauka a gidan Zubaida a unguwar Ɗan Iya, saboda can akwai fanka da ruwan famfo, kullum da hantsi kuma keke mai ƙafa uku ya sauke su a bakin lungu.

Ranar farko gidan ya cika maƙil. Matan da rabonsu da gaida Inna A'i tun zaman makoki, ranar kowace ta tuna tana da zumunci, har da masu zuwa aron rariya. Kallon Baturiya dai suka zo, kowa ya sani. Nuriya doguwa ce siririya, ta yafa gyalen da Zubaida ta ba ta yana ta zamewa, ta durƙusa ta gaida surukarta da 'yar Hausar da mijinta ya koya mata. Inna A'i ta amsa, amma idonta na kan yaron da ya maƙale a bayan uwarsa. Bai wuce shekara biyar ba, wankan tarwaɗa, gashi a nannaɗe. Kunnuwan Malam ne sak, masu ɗan buɗewa. Da ya taka zuwa wurin akuyar kuwa, sai ta ga tafiyar wancan, yadda yake jefa ƙafar hagu waje. Saura kaɗan ta yi abin kunya a gaban mutane. Sai ta yi maza ta fake da wasan jika.

"Wannan ne mijin nawa da ake ta yi mini kuri da shi? Ku mayar da abinku, ni ban ga miji a nan ba. Zo nan, Maigida, in ga ko ka iya cefane."

Mata suka kwashe da dariya. Zubaida ta yi wa Nuriya bayani da Turanci, cewa haka kaka ke yi da jikanta, tsiya ce ta ƙauna, kuma Maigida shi ne sunan da za ta riƙa kiransa da shi, tunda sunan mijinta ya ci. Nuriya ta yi murmushi ta gyaɗa kai. Yaron ne bai gamsu ba. Uwarsa ta faɗa masa wani abu da yarensu, ya dubi tsohuwar, ya dafa ƙirjinsa da yatsa ya ce, "Ismael."

Haka suke faɗinsa a can, a gajarce. Amma sunan Malam ne, ba wanda zai ji ya ce ba shi ba ne. Inna A'i ta ce ta ji, Maigida. Ya girgiza kai ya sake faɗa. Ta sake cewa Maigida. Dariya ta ƙaru, har wata tana riƙe ciki tana share hawaye.

Abin da aka ɗauka wasan yini ɗaya ne sai ya zama na kullum. Yaron ya sake da kowa. Ya ci tuwo da hannu, ya sha kunun gyaɗa har ya nemi ƙari, ya koyi "sannu" da "na ƙoshi" da wata ashar da har yau ba a san wanda ya koya masa ba. Shi da ɗan akuyar nan kuwa ba mai raba su. Zubaida da farko Abba take ce masa, don ita ma sunan ubanta ne, amma da ta ga ba ya amsawa sai ta watsar, ta koma kiransa yadda uwarsa ke yi, wai ai na Turawa ne ba na Baba ba. 'Yan zamani ke nan, komai suna da hanyar da za su zagaye shi. Inna A'i ta yi mata tas a kan haka, amma can cikin ranta kishinta take ji, ganin yadda yaron ke hawa cinyarta.

Shi kuwa ya sa wa ransa cewa kakarsa ba ta iya sunansa ba ne, kuma shi zai koya mata. Sai ya zo ya zauna a gabanta, ya kama haɓarta da hannu biyu, ya rarraba sunan gutsure-gutsure yadda malamarsu ke yi musu a makaranta, yana jira ta maimaita. Ita kuwa ta yi ta zille masa, ga alewa, ga ƙuli-ƙuli, ga tsuntsu can a kan katanga. Tun yana yi da dariya har ya koma yi fuska a ɗaure. Daga baya ya daina zuwa gaba ɗaya. In ta ce Maigida ko waiwayowa ba ya yi, ba don rashin kunya ba, shi dai a saninsa ba da shi ake ba. Abin ya dame ta ƙwarai. Ga yaro ya so gida, ya so akuya, ya so har mai tallan awara, amma ita da aka yi tafiyar dominta yake ratsewa ta gefenta.

Akwai Chioma mai kemis a bakin titi, wadda ta daɗe a unguwar har 'ya'yanta sun fi ta Hausa. Ita ke zuwa auna wa Inna A'i jini. Wata rana ta shigo da abin awonta ta tarar Zubaida na makaranta, suruka da suruka suna zaune a inuwar dalbejiya kowa na yi wa kowa murmushi ba mai gane wani. Sai ta zauna ta zama tafinta. Hira ta yi hira, ta tambayi Nuriya yadda aka yi ɗan Sifaniya ya tashi da sunan mutanen Ƙofar Dumi.

Nuriya ta ce lokacin da take da ciki sun yi ta neman sunan da ba zai zame wa yaro kaya a can ba, kuma ba zai zama baƙo a nan ba. Mahfuz yana son sa sunan mahaifinsa, amma ya kasa faɗa, yana tsoron danginta za su ji shi da nauyi. Ita ta gane, ta ce masa ai sunan nasu ne su ma, a ƙasarsu sananne ne, akwai ma ƙanin kakarta mai sunan, wani manomin zaitun. Da ya ji haka sai ya tashi ya fita waje, ya daɗe, ya dawo idonsa jajir.

Nan Chioma ta karɓe zancen, don a nan ta fi kauri. Ta ce su ma a cocinsu sun san sunan, kuma asalinsa ba na Sifaniya ba ne, ba ma na Larabawa ba. Ibrananci ne, tsohon harshen Bani Isra'ila, kuma abu biyu aka haɗa a ciki, ji da kuma Allah. Ma'anarsa Allah ya ji. An sa wa ɗan Annabi Ibrahim ne saboda Allah ya ji kukan uwarsa lokacin da take cikin ƙunci ita kaɗai ba mataimaki. Daga can sunan ya biyo Larabawa ya iso nan, ya bi wata hanyar ya isa ƙasar su Nuriya. Nuriya ta ce haka ne, ita ma haka ta bincika ta gani kafin a haife shi, kuma ma'anar ce ta ƙara sa ta so shi.

Inna A'i ta bi su da kallo. Ta zauna da mutum tun tana yarinya har furfura, ta haifa masa 'ya'ya, ta yi jinyarsa har ya cika a hannunta, ba ta taɓa sanin sunansa na da ma'ana ba. Yau ga 'yar Kudu da Baturiya a tsakar gidansa suna juya sunan kamar masu tuyar waina, ita da ta fi kowa haƙƙi a kansa ta zama 'yar kallo. Allah ya ji kukan uwa. To ita da nata kukan a ciki take yi fa, an ji kuwa? Ta yi maza ta yi istigfari.

Nuriya ta yi wata magana a hankali tana kallon ƙasa. Chioma ta juyo da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Mama, matar ɗanki ya ce in roƙe ki abu ɗaya. Yaron yana tambaya ko ba ki son shi ne. Ya ce ki kira sunan shi sau ɗaya kawai, ya ji da kunnen shi."

Inna A'i ta daɗe tana tsinkar bakin tabarma.

"Ki ce mata ba ƙi ba ne. Sunan ne ya fi ƙarfin bakina. Amma ta ba ni lokaci, kafin su tafi zan gwada."

Kuma ta gwada, kada a ce ba ta gwada ba. Bayan azahar ta shiga ɗaki ta saki labule ta tura ƙyaure, ta zauna a bakin gado ta buɗe baki. Sai ta ji kamar an ce ta kwance zani a tsakiyar kasuwar Wunti. Harshen ya yi nauyi, gumi ya keto mata, ta ga kamar Malam na zaune a inda ya saba zama da fatarsa da basillarsa ya ɗago yana kallonta. Ta ce sai gobe. Goben ma ta ce sai gobe, ai da sauran kwanaki kafin tafiyar.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne. Matan gida sun kama Nuriya suna yi mata lalle, an ɗaure mata hannu da ƙafa cikin leda, tana zaune kamar amarya sai dariya take. Zubaida na madafi. Inna A'i ta fito ƙofar zaure da 'yar kujerarta tana shan iska. Ba a san wanda ya kwance ɗan akuyar ba. Sai ga shi ya fito a guje ta gefen ƙafarta, yaron na biye da shi yana ƙyalƙyala dariya, suka miƙe lungu suka nufi kwana.

Daga inda take zaune ana hango abin da ke tahowa ta bayan kwanar, ta saman wata katanga da damina ta cinye rabinta. Ta hango ɗan acaɓa ya ɗauro buhunan masara ya taho a guje. Yaron ba ya ganinsa, shi ma ba ya ganin yaron. Ta miƙe tsaye.

"Maigida! Kai! Kai yaro, tsaya!"

Muryar Inna A'i ba ƙaramar murya ba ce, har masu ɗinki a shago sai da suka ɗago kai. Yaron bai waiwayo ba. Lungun Ƙofar Dumi ne, "kai yaro" ana yin ta daga safe har yamma. Sunan ya taso mata, ta ji shi a maƙogwaro, ta ji shi a kan harshe, Allah ne shaida ta ji shi. Sai bakin ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru, ya kauce. Ta sake ƙwalla Maigida, sannan ta ji ƙarar.

Bai mutu ba. Babur ɗin da buhunan ne suka danne masa ƙafar dama, ta karye ƙasa da gwiwa, ƙashi ya huda fata. Nuriya ta fito da ledoji a ƙafa, santsi ya kwashe ta a zaure, ta ƙarasa wurin da rarrafe. Ɗan acaɓan, wani bawan Allah mai iyali, ya zauna daɓas a ƙasa ya ɗora hannu a ka yana rantsuwa bai gan shi ba. Aka tare keke aka yi asibiti da su. Inna A'i na tsaye a ƙofar zaure inda take tun farko, sai da wata maƙwabciya ta zo ta zaunar da ita.

Likitoci suka ɗaure ƙafar, suka ce karayar ba mai sauƙi ba ce. Ta taɓa wurin da ƙashin yaro ke girma, sai an yi aiki, kuma ko an yi ba su yi alkawarin za ta koma daidai da 'yar'uwarta ba. Nuriya ta ce gida za ta mayar da shi a yi aikin a can, ba wanda ya ga laifinta. Dangi suka cika barandar asibiti da kulolin abinci, kowa ya buɗe baki ƙaddara, ƙaddara. Inna A'i ta sami gefen benci ta zauna, ba ta shiga ɗakin ba. Tana jin kukansa in an zo wanke ciwon, kowane kuka kamar a jikinta ake yi.

Washegari Chioma ta zo dubiya. Ta ga yadda tsohuwar ta zabge a kwana ɗaya, tausayi ya kama ta, ta so ta wanke ta. Sai ta ce wa Nuriya, da ta fito shan iska, ai Mama ta yi iya ƙoƙarinta, tun daga kemis ta jiyo tana ƙwala masa kira, shi ne bai tsaya ba. Wallahi da alheri ta faɗa. Nuriya ta ɗago kai. Lallen ya kama mata hannu dabbare-dabbare, wani wuri ja wani wuri fari. Ta yi wata gajeriyar tambaya da Turanci. Chioma ta dubi Zubaida. Zubaida ta sunkuyar da kai. Inna A'i ta ce a gaya mata abin da aka ce, ko da yake jikinta ya riga ya ba ta.

"Inna, cewa ta yi, da wane suna kika kira shi," in ji Zubaida.

Ba wanda ya amsa, kuma shirun ya isa amsa. Nuriya ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Ta dubi surukarta ta daɗe, ta gyaɗa kai a hankali, ta koma ciki wurin ɗanta. Da ma marinta ta yi, da Inna A'i ta fi jin sauƙi.

Baba Nu'uman, ƙanin Malam, shi ya zauna kusa da ita yana ba ta baki. Ya ce ta daina ɗora wa kanta abin da Allah ya rubuta. Yaro in ya sa gudu a gaba, yana bin dabba, ga hayaniyar lungu, ko da lasifika aka kira sunansa ba zai ji ba. Zubaida ma haka ta ce, matan unguwa ma haka suka ce, kowa da labarin ɗansa da aka yi ta kira bai tsaya ba. Inna A'i ta kama wannan magana da hannu biyu. Da ita take iya tashi ta yi alwala, da ita take iya haɗiyar ɗan kunu. Ko ta faɗa ba zai ji ba. Tana nanata wa kanta haka a keke in za ta asibiti, tana nanatawa in za ta dawo, har ta kusa yarda.

Da aka sallame su, motar da za ta kai su Abuja su hau jirgi ta zo ƙofar gidan Zubaida da safe. Dangi sun taru sallama, an kawo ƙuli-ƙuli da kilishi da turmin atamfa, kayan da ba mai tunanin ci ko sawa. Nuriya ta zo gaban surukarta ta durƙusa kamar ranar farko, ta yi magana mai ɗan tsawo, muryarta ba ta rawa. Zubaida ta fassara tana kallon wani wuri daban.

"Ta ce ba ta riƙe ki a rai ba, Inna. Ta ce ta san kina son sa. Amma ba za ta iya sake kawo shi ba. In ya girma, in ya ga dama, ya zo da kansa."

Inna A'i ta ce ta gode, Allah ya kai su lafiya, Allah ya ba shi lafiya. In ya girma. Ta dubi bayan hannuwanta, ta tuna yadda Chioma ke ɓata fuska duk ranar da ta auna ta. Ta san ko ya zo, ba ita zai tarar ba. Baƙin ciki ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta.

An kwantar da yaron a kujerar baya, ƙafar cikin filasta an ɗora ta a kan filo. Ya juya fuska wajen majingina ya ba kowa baya. Mata suka yi ta leƙawa, sannu, Allah ya sawwaƙe, sai wata rana, bai ko motsa ba. Mota na kunne, direba na ta ƙorafin rana za ta yi musu a hanya, keke na wucewa da hon, wani mai rake na ta kiran ciniki. Inna A'i ta matsa jikin tagar. Ga Baba Nu'uman tsaye dab da ita, ƙanin miji guda, ga mata, ga maƙwabtan Zubaida da ba ta ma sani ba. Ta dafa gilashin da aka sauke rabi. Ba ta ɗaga murya ba, ita kanta da ƙyar ta ji abin da ya fito.

"Isma'ila."

Nan take ya juyo. Ko jinkirin ƙiftawar ido bai yi ba. Ya dube ta da idanun da suka faɗa, yana jiran ta faɗi abin da ta kira shi dominsa. Duk ƙarar injin nan, duk hayaniyar titi, a raɗa ta faɗa, kuma ya ji.

Direba ya ja mota. Mutane suka ɗaga hannu har ta sha kwana, suka fara watsewa. Zubaida ta kama hannun uwarta ta ce su shiga ciki, rana ta fara zafi. Inna A'i ba ta motsa ba.

"Zubaida, ashe da ya tsaya."

Sai ta sulale ta zauna a ƙasa a bakin titi, ta fashe da kuka da ƙarfi a gaban kowa, Zubaida na ta ƙoƙarin ɗaga ta ta kasa.